Dashen mangurof, kasuwar kabon da gawon gonakinmu

Idan gwamnati ko kamfani ya shelanta cewa ya dasa bishiya miliyan ɗaya, bai gaya maka komai ba tukuna. Iyakar abin da ya faɗa shi ne an haƙa rami miliyan ɗaya, an kuma fitar da kuɗi. Ko za a sami daji ko ba za a samu ba, sai shekaru sun tura za a sani, kuma kafin nan mai shelar ya daɗe da barin kujera. Mu mutanen ƙauyukan Jigawa mun san haka tun kafin a fara yi mana bayanin sauyin yanayi a rediyo. Abin da ya sa na tono zancen yanzu shi ne kuɗi masu nauyi sun shigo harkar dashe, kuma an sami wani itace da duniya ke yi wa kirari a matsayin maganin ɗumamar yanayi. Sunansa mangurof. A taɓon bakin teku yake tsirowa, inda ruwan gishiri ke cikowa ya janye kullum, saiwoyinsa a waje, tsaye cikin ruwa.

Yawancinmu ba mu taɓa ganinsa da ido ba, amma namu ne. Dajin mangurof mafi girma a duk Afirka yana Najeriya, a yankin Neja Delta, tun daga Delta da Bayelsa da Ribas har Akwa Ibom da Kuros Riba. Alkawarin da Shugaba Buhari ya ɗauka a taron sauyin yanayi na duniya da aka yi a Gilasgo a 2021, cewa zuwa 2060 Najeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take shanyewa, da sunanmu duka ya ɗauke shi. Kuma duk ƙa'idar da aka kafa a kan yadda za a auna itace a kudu a sayar da kabon ɗinsa, wato kamfani mai fitar da hayaƙi ya biya kuɗi a rubuta masa hayaƙin da itacen ya shanye, ita za a ɗauko a kawo mana nan ranar da masu jakar kuɗi suka waiwayo gonakinmu. Gara mu gane lissafin tun yanzu.

A fara ba mangurof haƙƙinsa, domin kirarin ba na banza ba ne. Kowace bishiya tana zuƙar iskar kabon, wadda injuna da masana'antu ke fitarwa take kuma riƙe zafi a sama, ta mayar da ita itace da saiwa da ganye. Bambancin yana wajen abin da ke faruwa bayan ganyen ya faɗo. A tudunmu, ganyen da ya zuba da kaka ba ya ganin bazara. Akuya ta ci, gara ta ci, rana ta soya, iska ta kwashe, abin da ya rage a tara a cinna masa wuta lokacin sharar gona. Kabon ɗin ya koma inda ya fito. A dajin mangurof kuwa ganye da matacciyar saiwa cikin taɓo suke nutsewa, taɓon da ruwa ya cika shi har babu iskar da ƙwayoyin ruɓarwa ke buƙata. Sai ruɓewar ta yi ta jan ƙafa, teku kuma yana ƙara lafta sabuwar laka a kai, har a sami baƙar ƙasa mai zurfin mita uku ko fiye wadda ta ɗauki ɗaruruwan shekaru tana taruwa. Wani bincike da aka buga a 2011, wanda ya auna dazuzzukan mangurof na yankin tekun Indiya da Fasifik, ya sami kimanin tan 1,000 na kabon a hekta ɗaya. Daga kusan rabinsa zuwa kusan dukansa a cikin ƙasa yake, ba a jikin itacen ba.

Nan ne masu talla ke yin tsallake. Rumbun a ƙarƙashin ƙasa yake, kuma ba ɗan dashe ne ya cika shi ba. Wanda ya sare dajin ya haƙa tafkin kiwon jatan lande, kamar yadda aka yi da yawa a Indonisiya da Filifin, ya fasa rumbun da kakannin kakanninsa suka tarar ana cikawa. Iska ta shiga lakar, ruɓewar da ta tsaya ta tashi, kabon ya gudu cikin 'yan shekaru. In ya dawo daga baya da ɗan tsiro a hannu, nawa zai maido?

An sami amsa. A watan Yulin 2024 mujallar kimiyya ta Science Advances ta buga wani nazari da ya tattara bayanan shekara arba'in na dashen mangurof daga sassan duniya. Inda dashen ya kama, bayan kimanin shekara 20 kabon da ke jikin itatuwan yakan kai kashi 71 zuwa 73 cikin ɗari na abin da ke jikin dajin da ba a taɓa ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ya rufe bakin masu cewa dashe aikin banza ne. To na cikin ƙasa fa? Ya ƙaru a shekara biyar ɗin farko, daga nan ya tsaya cak a wajen kashi 75 na abin da ke ƙasan dajin da ba a taɓa ba, ba a ga ya sake wani motsi na kirki ba. Wato babban aikin dashen shi ne ya toshe ɓaraka, ya hana abin da ya saura tsiyayewa. Abin da ya tafi bai dawo duka ba, ko bayan shekaru masu yawa. Masu nazarin sun kuma lura cewa cakuɗa iri daban-daban ya fi jera iri ɗaya tara kabon a jikin itace.

Daga nan na ɗauki matsayata. Itacen da ke tsaye yau ya fi alkawarin itace goma, kuma duk wanda zai karɓi kuɗi ko yabo a kan dashe, a ƙirga masa abin da ya rayu, ba abin da ya binne ba.

Domin kashi 73 ɗin nan lissafin wanda ya rayu ne, kuma masu rayuwar ba su da yawa. A Filifin, bayan shekaru ana zuba miliyoyin daloli a dashen mangurof, wani nazari na 2008 ya gano cewa abin da ke rayuwa bai wuce kashi 10 zuwa 20 ba. A Siri Lanka, bayan ambaliyar tsunami ta Disamban 2004, ƙungiyoyin agaji sun yi ta dashe a gaɓar teku. Da aka koma aka duba wurare 23, tara babu ko itace ɗaya da ya rage, uku kawai ne fiye da rabin dashensu ya rayu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Akwai nau'in mangurof da ƙwayarsa ke tsirowa tun tana jikin uwa, ta faɗo doguwa mai tsini, yaro ma zai iya soka ɗari a laka kafin azahar. Shi ake so, saboda yana cika rahoto da sauri. Sai a kai shi filin da babu mai gardama a kansa, fili buɗaɗɗe can cikin ruwa inda mangurof bai taɓa zama ba, igiyar ruwa ta tumɓuke shi ko ya nutse. Wurin da ya dace, wato tsoffin tafkunan kiwo, yana da masu shi, kuma taɓa su siyasa ce. Masana harkar sun daɗe suna cewa sau da yawa ba dashe ake buƙata ba. A fasa madatsar da ta hana ruwan teku shiga da fita, ruwan da kansa zai kawo iri ya shuka. Amma fasa madatsa ba ya kyau a hoto.

Mu ma muna da namu tabon a kudu. A 1906 Turawan mulkin mallaka suka kawo wani ɗan kwakwan fadama mai suna nifa daga Singafo suka dasa a Kalaba, wai don ya tare zaizayar gaɓa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Yau nifa ya bazu cikin rafuffukan Neja Delta, duk inda aka sare mangurof ko malalar mai ta kashe shi, shi ke riga kowa kama wurin, masunta kuma na kukan ba ya tara musu kifi da kaguwa kamar itacen asali. Mutumin Hadeja da Guri, wanda ya ga yadda kachala ta toshe hanyoyin ruwa bayan an gina madatsun Tiga da Challawa, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Sannan ga mai. Malalar da ta auku a Bodo ta ƙasar Ogoni a 2008 da 2009 ta kashe daji mai faɗi, sai a 2015 kamfanin Shell ya yarda ya biya diyyar fam miliyan 55. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce farfaɗo da ƙasar Ogoni na iya cin shekara 25 zuwa 30. Hukumar HYPREP da aka ɗora wa aikin ta shiga dashen mangurof a yankin Gokana, kuma ina yi musu fatan alheri da gaske. Amma in bututu ya sake fashewa a shekara ta goma sha biyu, lissafin ya koma sifiri.

Sai batun girma, wanda shi ne ya fi ci mini rai. Duk mangurof ɗin duniya bai wuce murabba'in kilomita dubu 147 ba, kamar Jigawa shida da 'yar ɗoriya. Filin da masana suka ƙiyasta a 2018 cewa ya lalace amma zai iya gyaruwa kusan murabba'in kilomita 8,000 ne. Bari in yi wa mangurof alfarma, in ce an dasa duka, duka sun rayu, kowace hekta ta tara tan 1,000 sabo fil, abin da mun riga mun ga ba ya faruwa. In ka juya shi zuwa nauyin iskar kabon, ya kama kusan tan biliyan uku. Duniya kuwa tana fitar da kimanin tan biliyan 37 duk shekara daga ƙona fetur da gas da kwal. Hayaƙin wata guda ke nan. Saboda haka idan kamfani ya sayi takardar shaidar kabon daga dashen mangurof ya ce ya wanke zunubinsa, zai ci gaba da harkarsa yadda ya saba, ni ban yarda ba. Kabon da ke cikin mai ya yi miliyoyin shekaru a binne, babu mai taɓa shi sai mu. Na jikin itace kuwa gatari ɗaya, gobara ɗaya, ko hauhawar ruwan teku ya ishe shi. Tun 1984 doka ta hana ƙona gas a banza a filayen mai na Najeriya, har yau wutar na ci dare da rana a gefen wannan dajin da ake son a sayar da kabon ɗinsa. A kashe wutar tukuna.

Ba ina cewa a daina dashen ba. A dasa, don yana tare igiyar ruwa daga cinye gari, don a cikin saiwoyinsa kifi ke renon 'ya'yansa, don matan da ke tsintar dodon koɗi da kaguwa da shi suke ciyar da gida. Kabon riba ce a kan uwar kuɗi. Inda aka gane haka an ga amfani. A gaɓar Gazi ta ƙasar Kenya akwai shirin Mikoko Pamoja, wanda ya soma wajen 2013 a kan hekta 117 kacal. Mutanen ƙauyen ne ke tsaron dajin, su ne ke yanke shawarar abin da za a yi da kuɗin, kuma sun sa shi a ruwan sha da littattafan makaranta. Abin da ya fi burge ni a shirin shi ne sun tanadi wani fili daban na itace mai saurin girma don buƙatun gida, saboda sun san ba a hana mutum sara da baki kawai.

To mu dawo tudu. In aka ɗora mu a sikelin kabon da mangurof, mun sha kaye tun kafin a fara, don gawo da aduwa da magarya a cikin rairayin Maigatari ba za su taɓa tara abin da taɓon Bayelsa ke tarawa ba. Kada ma mu shiga wannan gasar. Itacenmu da aikinsa za a auna shi. Gawo yana kaɗe ganye da damina ya bar wa gero rana, ya yi ganye da rani ya ba dabba inuwa da 'ya'ya, ƙasar gindinsa kuma kowane manomi ya san ta fi ta gefe albarka. Amma cutar da ta kashe dashen Filifin ita ce ke kashe namu. A shekarun 1970 da 1980 an jera layukan darbejiya da turare a arewacin tsohuwar Jihar Kano, irin su yankin Ɗambatta, don tare iska. Wasu suna nan har yau. Sai dai manoman da ke maƙwabtaka da turaren sun ga geronsu na gefe ya tsumbure saboda saiwa ta shanye damshi, ga fili an karɓe, ga itacen ba nasu ba. Me zai sa su so shi? Shirin Babbar Koriyar Ganuwa na tare hamada a faɗin Afirka, da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda Kano da Jigawa ke cikin jihohin Najeriya 11 da ya shafa, ya ɗauki burin gyara hekta miliyan 100 zuwa 2030. Rahoton 2020 ya nuna abin da aka cim ma a yankin da aka shata bai wuce miliyan huɗu ba. A 2019 Najeriya ta yi wa duniya alkawarin dasa bishiya miliyan 25 a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya. Tambayar da ta dace da irin wannan alkawari ita ce nawa ne suka ga rani na uku.

Kowa a nan ya san yadda abin ke tafiya. A kawo dashe cikin leda a watan Agusta, damina ta riga ta yi nisa, a yi taro, a yi jawabi, a ɗauki hoto. Satumba ruwa ya ɗauke. Da an gama kaka a saki dabbobi, ɗan itacen da ba a kewaye da ƙaya ba ya zama karin kumallon akuya. Wanda ya tsira kuma yana da wata bakwai ko takwas na rani a gabansa, babu wanda aka ɗora wa ban ruwa, babu wanda za a tambaya in ya bushe. Hadisin da malamai ke karantowa a irin wannan taro, wanda Bukhari da Muslim suka rawaito, a kan ci ya rataya ladan: Musulmi ya dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci daga ciki, sai ya zama sadaka gare shi. Itace kuwa ba ya ciyar da tsuntsu sai ya girma. Ko akuyar da ta cinye dashen tun yana cikin leda ita ma ta karɓi sadaka, wannan fatawar na bar wa malamai.

Abin mamaki, amsar tana tsallaken iyaka, tafiyar da ba ta kai yini ba. Ka bi ta Babura ka shiga ƙasar Magarya da Matamai a jihar Damagaram, ka dubi gonaki. Gawo ne birjik, kuma mafi yawansa ba dasa shi aka yi ba. Tun bayan farin 1984 manoman Maraɗi da Damagaram suka koma barin tohon da ke fitowa daga tsohon kututture, su zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi su sassabe saura, su kare shi. Saiwar tana can ƙasa da daɗewa, ta riga ta kai ga damshi, ba ta jiran bokitin kowa. Hotunan tauraron ɗan adam sun nuna an farfaɗo da kimanin hekta miliyan biyar a Nijar ta wannan hanya, itace wajen miliyan 200. Abin da ya juya al'amarin shi ne manomi ya daina ganin itacen gonarsa a matsayin kayan malamin daji, ya fara ganinsa nasa, zai iya sassabe shi, ya sayar da reshe, ya bar wa 'ya'yansa. Wannan ita ce 'yar'uwar fasa madatsa a bakin teku: ka cire abin da ya hana daji dawowa, ka bar shi ya dawo. Kuma ba ta hana samun kuɗin kabon, don a Humbo ta ƙasar Habasha an yi haka a kan hekta kusan 2,700, Bankin Duniya ya sayi kabon ɗin, kuɗin ya shiga ƙungiyoyin manoma.

Sai dai kuɗin kabon yana da haƙori. A 2023 labari ya fito cewa wani kamfani na Dubai yana neman yarjejeniya da Laberiya a kan kusan kashi goma cikin ɗari na ƙasar baki ɗaya, don cinikin kabon. A Najeriya dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna. Ba wuya wata rana a sa hannu a Dutse ko Abuja a kan dajin da mata ke tsintar itace a ciki, ko makiyayar da Fulani ke sauka, ko burtalin da shanu ke bi, sai dai dagaci ya wayi gari ya ga ana kafa waya. Rikicin manomi da makiyayi da muke fama da shi bai buƙatar ƙarin mai a wuta. Duk yarjejeniyar da za ta shafi filin gari, a karanta ta da Hausa da Fulatanci a ƙofar hakimi kafin a sa hannu, a faɗi shekarunta, a faɗi kason da zai shigo gari da hannun da zai riƙe shi.

Yanzu haka akwai kuɗi a ƙasa. Shirin gyara ƙasar da ta lalace mai suna ACReSAL, na dala miliyan 700, da Bankin Duniya ya amince da shi a ƙarshen 2021 ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja, kuma bashi ne, jikokinmu za su taya mu biya. Abin da nake nema daga duk mai rabon irin wannan kuɗi kaɗan ne. A daina biyan ɗan kwangila duka kuɗinsa ranar dashe. A ba shi kaso, a riƙe saura zuwa rani na uku da na biyar. A yi ƙirgar a watan Afrilu, lokacin da zafi ya gama tace mai rai daga matacce, ba a Satumba da ko sanda ka kafa sai ta yi kore ba. A liƙa sakamakon a sakatariyar ƙaramar hukuma, mazaɓa bayan mazaɓa, yadda duk mai shakka zai hau babur ya je ya ƙirga da kansa. Manomin da ya reni gawo talatin daga kututture a gonarsa a biya shi kamar yadda za a biya mai leda, ko ma fiye, tun da nasa ya fi tabbas.

Kuma a buɗe shafi na biyu a littafin, shafin abin da ake sarewa. Tun da gas ɗin girki ya yi tsada, gidajen birni da yawa sun koma gawayi, masu gidan burodi kuwa dama itace suke ƙonawa. Motocin itace da buhunan gawayi da ke shiga Kano da asuba ƙirya ce da marke da kanya, wasunsu sun girmi direban motar. Babu wanda ya dasa su, saboda haka babu ofishin da ya rubuta su, kuma ranar da suka faɗi babu rahoton da ya ragu da ko ɗaya. A ɗebe su daga adadin da ake shelantawa duk damina, sannan a gaya mana abin da ya rage.